Kafin Ku Yi wa Waya Rutin, Ku Ji Abin da Ya Sami Wayar Innarmu

Muna fatan karatu yana tafiya daidai, musamman 'yan ajin ƙarshe da jarrabawa ta ƙarato musu. Mun so a ce maganar tsara lokacin bita muka kawo muku a wannan mako, sai wani abu ya faru a gidanmu da ke Badariya, cikin Birnin Kebbi, wanda ya sa muka ga gara mu fara da shi tun da zafinsa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka dawo gida daga makaranta, muka tarar da ƙanenmu, ɗan aji 5 a sakandare, zaune a zaure ya yi tagumi, da waya a hannunsa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, wagga waya ta ƙi tashi." Muka duba, wayar Innarmu ce. Sai ta nuna tambarin kamfani, ta ɗauke, ta sake nunawa, ta sake ɗaukewa. Tun bayan azahar take haka. Da muka matsa masa ya faɗi gaskiya: wani abokinsa ne a makaranta ya ce masa in aka yi wa waya rutin za ta ƙara sauri, wurin ajiya zai ƙaru, za a riƙa samun data kyauta, sannan kuɗin cikin wasan ƙwallon da yake bugawa ba za su taɓa ƙarewa ba. Ya aro kwamfutar maƙwabci, ya buɗe wani bidiyo a YouTube, ya bi shi daki-daki. Bai lura cewa wayar da ke cikin bidiyon ƙanwar tamu ce ba, sunansu ɗaya amma lambar ƙarshe ta bambanta.

Innarmu shinkafa 'yar gida da man gyaɗa take sayarwa daga cikin gida. Karatun boko bai dame ta ba, don haka lissafin masu bashi duk a saƙon murya na WhatsApp yake: wance ta karɓi kwano 3, wance ta biya rabi. A wayar kuma akwai hotunan kakarmu, Allah Ya jiƙanta, da aka ɗauka a wani biki a Argungu watanni kaɗan kafin rasuwarta. Da muka kai wa mai gyara a kan titin Ahmadu Bello, kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Mi kunka yi mata?" Ya yi mata filashin, ta tashi lafiya lau, amma fayau kamar yau aka fito da ita daga kwali. Lissafin bashi ya tafi, hotuna sun tafi. An kuma daɗe da kashe ajiyar da WhatsApp ke yi a intanet, wai don a rage shan data. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ba mu kawo labarin don mu kunyata yaro ba. Mu ma da muna aji 4 mun taɓa lalata wayar wani yayanmu a kan irin wannan ƙwaƙwa, kuma ita ce ta ja mu ga karatun kwamfuta. Abin da muke so shi ne duk wanda zai taɓa wannan abu ya san me yake taɓawa.

To mene ne rutin ɗin? Babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin wayoyinmu, wato Android, an gina ta ne a kan wata tsohuwar manhaja mai suna Linux, wadda wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 yana ɗan shekara 21. A tsarin Linux akwai mai amfani guda ɗaya da ya fi kowa iko, wanda babu fayil ɗin da ba zai iya buɗewa, canzawa ko gogewa ba. Shi ake kira rut, kalmar da asalinta ke nufin saiwar itace. Yi wa waya rutin shi ne ka karɓi wannan iko a hannunka.

'Yan makarantar kwana za su fi saurin gane misalin. Ku ɗauka wayar makaranta ce, kowace manhaja ɗalibi ce mai akwatinta da kwaɗonta. WhatsApp ba ya iya buɗe akwatin manhajar banki, wasan ƙwallo ba ya iya leƙa akwatin WhatsApp. Kai mai wayar ma, duk da kuɗinka ka saya, matsayinka bai wuce na babban ɗalibi ba: kana iya shigo da sabo, ka kori wani, amma ba ka da makullin sito, ba ka da na ofishin shugaban makaranta. Rutin shi ne damin makullan nan gaba ɗaya. Da shi za ka iya gyara abin da ya daɗe yana damunka. Da shi kuma za ka iya rushe katangar da ke riƙe da ginin ba tare da ka sani ba, kuma duk manhajar da ka miƙa wa damin, ita ma ta zama mai makarantar.

Akwai wani abin dariya a tarihin wannan iko. Wayar Android ta farko, HTC Dream, ta fito a watan Oktoba na 2008, shekara 3 bayan Google ya sayi ƙaramin kamfanin da ya fara ƙera manhajar. Ba a daɗe ba aka gano wani kuskure a cikinta: duk abin da mutum ya rubuta da maɓallanta, wayar tana ɗaukarsa a ɓoye a matsayin umarnin mai cikakken iko. In ka rubuta wa abokinka kalmar Turancin da ke nufin a sake kunna waya, nan take taka wayar za ta mutu ta sake tashi. An toshe ramin da gaggawa, amma daga irin waɗannan ramuka aka fara koyon rutin.

A zamanin yayyenmu, wajen 2013 zuwa 2016, abin yana da sauƙi kuma yana da dalili. Wayoyin lokacin wurin ajiyarsu ɗan mitsitsi ne, ga manhajojin kamfani da ba a iya cirewa sun cinye rabi. Akwai manhajoji irin su KingRoot da ake latsawa sau ɗaya su gama aikin. A Najeriya kuma an sami wani ƙarin dalili: tsarin data na wayoyin BlackBerry ya fi na sauran wayoyi araha, sai matasa suka riƙa canza lambar shaidar wayarsu ta koma irin ta BlackBerry don su ci moriyarsa. Daga can ne labarin "rutin na ba da data kyauta" ya samo asali, kuma shi abokin ƙanenmu ya gada. Tsarin ya daɗe da mutuwa, labarin ne ya ƙi mutuwa.

Mu tsaya a nan kaɗan, domin nan ne ƙaryar ta fi yawa. Datarka ba a cikin wayarka ake ƙirga ta ba. A kwamfutocin kamfanin layi ake ƙirgawa, a wani gini da wayarka ba ta da makullinsa ko an yi mata rutin sau 100. Haka kuɗin cikin yawancin wasannin da ake bugawa ta intanet: lissafin yana wurin masu wasan, abin da kake gani a fuskar waya kwafi ne kawai. Kana iya canza kwafin ya nuna miliyan, da zarar wayar ta gaisa da kwamfutarsu sai ya koma yadda yake, wani lokacin ma a rufe maka asusu gaba ɗaya. Kifi na ganinka, mai jar koma. Rutin ba ya ƙara wa waya ƙwaƙwalwa, domin ƙwaƙwalwar ƙarfe ce da aka manna a allon cikinta tun daga masana'anta. Ba ya ƙara ƙarfin sabis. In unguwarku sabis ba ya kamawa sai an hau katanga, bayan rutin ma sai an hau.

Ita kuwa lambar shaidar waya, mai lambobi 15 da ke fitowa in ka danna *#06#, ku bar ta yadda kuka gan ta. Da ita ake bin sawun wayar da aka sace, don haka wanda aka kama da wayar da aka canza wa lamba, tambayar farko da zai amsa a gaban hukuma ita ce a ina ya samo ta. A Ingila tun 2002 akwai doka ta musamman da ta mai da canza ta laifi. Gara ma ku rubuta taku a bayan littafi saboda ɓacin rana.

Amma adalci ne mu faɗi abin da rutin ke iya yi da gaske, don ba mahaukata ne ke yinsa ba. Mai cikakken iko yana iya tumɓuke manhajojin da kamfani ya dasa waɗanda ke turo talla dare da rana. Yana iya toshe talla a wayar gaba ɗaya, ya kuma hana kowace manhaja taɓa intanet sai da izininsa, abin da ke rage shan data ta halastacciyar hanya. Yana iya kwafe manhaja da duk abin da ke cikinta ya ajiye. Babban amfanin a ganinmu shi ne raya tsohuwar waya. Kamfanoni kan daina turo wa waya sabuntawa bayan 'yan shekaru, alhali ƙarfenta lafiya lau. Akwai masu aikin sa kai a faɗin duniya da ke ƙera wa irin waɗannan wayoyi sabuwar Android kyauta. Mafi shahara ita ce LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod bayan an rufe ta a ƙarshen 2016. Wayar da kamfani ya yi watsi da ita tana iya ƙara shekaru tana aiki. A ƙasar da kuɗin sabuwar waya ya fi ƙarfin albashin wata na ma'aikata da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ku duba aljihun 'yan ajinku, ko ku leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano in kun je: Tecno, Infinix da itel ne suka cika wuri, dukkansu na kamfani ɗaya, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Jerin wayoyin da LineageOS ke tallafa wa kuwa Pixel ne, da Motorola, da OnePlus, da wasu Xiaomi da Samsung. Da wuya ka ga irin namu a ciki. Ma'ana, mafi girman amfanin rutin bai cika isowa hannunmu ba, abin da ya rage mana fayiloli ne da wani wanda ba mu sani ba ya ɗora a intanet, waɗanda babu mai tabbatar maka abin da ke cikinsu, ko ma na wayarka ne. Irin wannan fayil ne ƙanenmu ya ɗura wa wayar Inna.

Yadda ake rutin ma ya canza. Tun daga Android 6, wadda ta fito a 2015, aka riƙa toshe ramukan da manhajojin latsa-sau-ɗaya ke bi, har suka daina aiki a sababbin wayoyi. Duk wanda ya turo maka irinsu yau, mai yiwuwa talla ko ƙwayar cuta ya turo maka. Hanyar da ta rage ita ce a buɗe makullin butloda, wato 'yar ƙaramar manhajar da ke fara tashi in ka kunna waya, wadda aikinta shi ne ta tabbatar ba a taɓa babbar manhajar ba kafin ta ba ta hanya. Ku riƙe wannan da kyau: da zarar an buɗe makullin, wayar tana goge duk abin da ke cikinta. Ba kuskure ba ne, da gangan aka tsara haka, don kada ɓarawo ya bi ta nan ya karanta sirrin mai waya. Wato hotunan kakarmu sun tafi tun a mataki na farko, kafin ma a kai ga fayil ɗin da ya hana wayar tashi. Mai bidiyon ya faɗi haka da Turanci cikin sauri, yaro bai kama ba.

Kamfanonin ma ba sa so. Huawei ya daina ba da lambar buɗe makullin tun 2018. Xiaomi kan sa mutum jiran kwanaki kafin ya amince. Wayoyin Samsung suna da wani ɗan fis a ciki, ƙarƙashin tsarin tsaronsu mai suna Knox, wanda ke ƙonewa da zarar an ɗura manhajar da ba ta kamfani ba. Ba ya gyaruwa, kuma wasu abubuwa irin su jakar sirri ta wayar sun daina aiki ke nan har abada, ko da an mai da komai yadda yake. Garanti kuwa, yawancin kamfanoni sun rubuta a takardarsu cewa ba ruwansu da wayar da aka taɓa manhajarta.

Sai maganar da ta fi shafar gidajenmu, wato kuɗi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, hatta mai sayar da ƙosai a bakin titi tana karɓar tiransifa. Google yana da wani tsari mai suna Play Integrity da manhajoji ke tambaya ko an taɓa waya, kuma manhajojin banki da yawa in suka ji an taɓa sai su ƙi buɗewa. Masu rutin suna da dabarun ɓoyewa, Google ya toshe, su sake nemo wata, ya sake toshewa. Wanda ya shiga wannan tsere zai iya wayar gari manhajar bankinsa ta daina aiki ranar da zai biya kuɗin jarrabawa. Kuma bankunan ba mugunta suke yi ba. Ku tuna misalin akwatuna: a wayar da aka yi wa rutin, muguwar manhaja guda ɗaya da ka danna wa "na yarda" tana iya buɗe akwatin kowa, ta karanta lambar sirrin da banki ya turo, ta kwashe hirarrakin WhatsApp. Kullen da WhatsApp ke yi wa saƙo yana kare shi ne a kan hanya, ba bayan ya sauka a wayar da ɓarawo ke riƙe da makullanta ba. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin tsaro na Check Point ya bayyana wata ƙwayar cuta mai suna Gooligan, wadda ke yi wa wayoyi masu Android 4 da 5 rutin da kanta ba da sanin masu su ba, ta kuma shiga asusun Google sama da miliyan 1. Ta manhajojin da ake saukewa a wajen Play Store ta fi yaɗuwa, irin waɗanda muke tura wa juna ta Xender a bayan aji.

Wannan ya kawo mu ga masu sayen waya ta hannu, kuma mun san yawancinku ita ce wayarku ta farko. Kafin ku biya, ku kashe ta ku kunna a gaban mai sayarwa. In wani rubutun gargaɗi ya fito kafin tambarin kamfani, alama ce an buɗe makullinta. Ku duba ko akwai manhaja mai suna Magisk ko SuperSU. Ku shiga setin na Play Store, can ƙasa yana nuna ko Google ya amince da wayar. 'Yan mata musamman, in wani ya ba ku kyautar waya wadda an riga an buɗe an saita, ba laifi ba ne ku sa a goge ta tas kafin ku fara amfani da ita.

Akwai kuma masu rutin don su tilasta wa injin waya gudu fiye da yadda aka ƙera shi. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, waya na ɗaukar zafi ko a aljihu take, ba sai mun yi masa dogon bayani a kan abin da zai sami batir ba.

Abin da ya fi ba mu haushi a lamarin ƙanenmu shi ne, rabin abin da yake nema yana cikin wayar tun asali. Abubuwan da yayyenmu suka yi rutin dominsu, Android ta shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Hana manhaja taɓa kyamara ko lambobin mutane ya zo a 2015. Maɓallin tsimin data ya zo a 2016. Naɗar bidiyon fuskar waya ya zo a 2020. Manhajar kamfani da ta ƙi goguwa, ku shiga setin, ku nemo ta a jerin manhajoji, sau da yawa za ku ga maɓallin dakatar da ita, wanda masu gyara ke cewa disebul, ta kwanta ta daina cin batir da data. In wuri ne ya cika, ku leƙa ma'ajiyar WhatsApp ku ga bidiyoyin zaurukan da kuke ciki, ku kashe saukar da su kai tsaye. A wayar Inna, kafin wannan tsautsayi, mun taɓa share bidiyon wa'azi guda da ya sauka sau 4 daga zauruka daban-daban. Facebook Lite da ire-irensa an yi su ne domin ƙananan wayoyi irin namu.

Ra'ayinmu, tunda fili namu ne: wayar da ake karɓar kuɗi da ita, wayar iyaye, da wayar da ke ɗauke da layin da za ka yi rajistar JAMB da shi, ba wurin gwaji ba ne. Layin da ka tura lambar NIN da shi zuwa 55019 shi zai bi ka har ranar da za a ba ka gurbin karatu, don haka shi da wayar da yake ciki sai a lallaɓa su. Amma ba za mu ce ku kashe sha'awar ba. Wanda ya ƙera Magisk, manhajar da kusan duk masu rutin ke amfani da ita yau, John Wu, ya fara ta ne a 2016 yana ɗalibi a Taiwan. A 2021 Google ya ɗauke shi aiki a sashen tsaron Android, wato masu ginin katangar suka kira wanda ya fi kowa sanin inda take da rauni. Mai son bin wannan hanya ya nemi tsohuwar wayar da aka jefar a durowa, wadda ko ta mutu babu mai kuka, ba layi a ciki, ba asusun kowa. Ya tabbatar da cikakkiyar lambar samfurinta harafi da harafi, ya sauke manhajarta ta asali ya ajiye kafin ya taɓa komai, ya karanta bayanin har ƙarshe sau 2 kafin ya haɗa waya da kwamfuta. Shiga wayar wani ba da izininsa ba kuwa wani babi ne daban, dokar laifukan intanet ta 2015 tana jiran mai yi.

Can gida, Inna ta zauna da ƙanenmu da littafi mai layi, tana tuno masu bashi ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Wasu matan da suka ji labari sun aiko da kansu sun faɗi abin da ake bin su, biyu kuma har yau ana ja-in-ja a kan kwano ɗaya ne ko biyu. Hukuncin da Baba ya yanke masa shi ne duk yammacin Juma'a zai bi gidajen da littafin har sai an gama karɓa. Hotunan kakarmu mun sami guda 3 a wayar wata gwaggonmu a Argungu, sauran muna ci gaba da cigiya a dangi. Mun kunna wa Inna ajiyar WhatsApp, mun kuma sa wa wayar makullin yatsa, nata ita kaɗai.

Maganar tsara lokacin bita tana nan tafe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wanda ke da jadawalin da ya yi masa aiki a jarrabawar zangon da ya wuce, ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, da sunan makarantarsa da ajinsa.